Gangar Makaranta, Wa Zai Ciyar Da Ita?

Wannan mako ina so in yi muku magana a kan wani abu wanda yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, watau gangar nan da begilar da yara suke kaɗawa a makaranta, da yadda mu mata za mu iya riƙe su da ɗan abin hannunmu. Na san wata za ta ce, "Malama, ana fama da na cefane, wa ke ta ganga?" Da gaskiyarki. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke hukunci.

Abin Da Ya Sa Na Ɗauko Maganar

Da na gama kwalejin horon malamai, sai aka turo ni koyarwa wata makarantar firamare a nan ƙasar Darna Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Illela. Ran da na kama aiki aka zaga da ni, har aka nuna mini ɗakin ajiya. Can ƙurya na hangi babbar ganga fatarta a fashe, da ƙanana biyu ɓera ya cinye musu igiya, da wata begila da ta lotse har ba ta fid da sauti. Na tambaya, aka ce ai an daɗe da rubuta takarda ana neman sababbi, amsa ake jira.

Ana nan sai ga 27 ga watan Mayu, Ranar Yara, muka kwashi yaranmu muka kai su Illela domin fareti. Mako uku suka yi suna koyon maci, wani yaro yana buga musu jarka da sanda. Da muka isa fili, makarantun da suka zo da badujalarsu kowace ta wuce da kiɗanta. Da layi ya zo kanmu, sai muka roƙi wata makaranta ta ara mana makaɗanta. Sun yi mana kirki ƙwarai, suka buga, amma kiɗansu ya fi wanda yaranmu suka saba da shi sauri. Nan da nan ƙafa ta rikice, na gaba suna hagu na baya suna dama, 'yan kallo suka yi ta dariya. Ran nan na tabbata kayan aro ba ya rufe katara.

A hanyarmu ta komowa wata yarinya 'yar aji biyar, wadda ita ce ta riƙe allon sunan makaranta, ta matso kusa da ni ta ce, "Malama, ni baɗi ba ni zuwa." Na ɗauka fushin yara ne. Sai ga shi kwana huɗu ba ta leƙo makaranta ba. Da na bi sawu har gidansu, na iske an riga an ɗora mata tallan fura. Uwarta ta ce tun da yarinya ta ce ba ta so, ita ba ta tilasta mata. To, kun ga inda fasasshiyar ganga ta kai mu. Yarinyar da dama ƙafarta ɗaya tana makaranta ɗaya tana kasuwa, ɗan abin kunya kaɗan ya isa ya fitar da ita.

Kowace Ganga Da Mai Ciyar Da Ita

In kun duba ƙasarmu ta Hausa, za ku ga babu kiɗan da yake zaune haka nan ba da mai riƙe da shi ba. Makaɗan fada sarakuna ne suke ɗauke da su, su ba su riga da doki da hatsi. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, a fadar Sakkwato ya zauna. Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa yana wajen Sarkin Gobir na Isa. Musa Ɗanƙwairo ya fito daga ƙasar Maradun, sarakuna da manyan mutane suka ɗaukaka shi. Ɗan Anace kuwa 'yan dambe da manoma ya yi wa kiɗa, su da masu kallonsu suka riƙe shi. Mai kalangu yana da mahauta. Mu mata ma muna da namu, domin masu kiɗan ƙwarya da amada, irin su marigayiya Barmani Coge wadda ta rasu a 2013, da liƙin mata a gidajen biki suka yi suna.

Har wa yau, yawancin waɗannan makaɗa gadon gida suka yi. Yaro yana tashi ya ga ubansa yana ɗaure ganga, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, kafin a sakar masa kiɗa. Koyo da kayan aiki duk a cikin gida suke.

To, gangar makaranta ita kaɗai ce marainiya. Ba ta da sarki, ba ta da gidan gado. Hukuma tana fama da albashi da alli da rufin aji, in an lissafa bukatun makaranta ganga ce ta ƙarshe. Wanda duk ya ɗauki nauyin ganga kuwa, shi ne yake faɗin inda za a kaɗa ta da abin da za a kaɗa. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce, wa muke so ya zama mai faɗa a ji a kan gangar da 'ya'yanmu suke bugawa?

Abin Da Muka Gani A Maƙwabta

Mu mutanen Illela ba sai an kai mu nesa ba, ga Birnin Konni nan ƙetaren iyaka. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a 1974, gwamnatinsa ta tayar da tsohuwar al'adar samariya, kowace unguwa da ƙauye da ƙungiyar samari da 'yan mata ƙarƙashin sarkin samari. Suna aikin gayya, suna wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, ana gasa tun daga ƙaramin gari har a kai ga babban bikin matasa na ƙasa duka. A 1987 kuma aka fara gasar makaɗan zamani wadda aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, makaɗin nan na Tawa. Ku tambayi iyayenku da suka yi zamanin, za su ba ku labarin yadda ake cika fili.

Amma Kountché ya rasu a 1987, kuma da aka shiga mulkin jam'iyyu a farkon shekarun 1990 samariya ta yi sanyi, ba ta sake komawa yadda take ba. Abin da gwamnati ta ɗaga da ƙarfinta, ran da ta sauya ko ta juya wajen wani abu, sai ya faɗi, in dai ba jama'a ne suka tallabe shi daga ƙasa ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin babbar ƙungiyar makaɗa da suke kira okestira. Mutum hamsin ne ko fiye suke zaune jere, waɗansu da goge manya da ƙanana, waɗansu da abin busa, waɗansu da ganguna, mutum ɗaya yana tsaye gabansu da 'yar sanda yana daidaita su. Garuruwa da makarantu da yawa suna da irin wannan ta yara. Kada ku zaci hukuma ce take biyan komai don ƙasashen suna da arziki. A Amurka iyaye ne suke kafa ƙungiya ta sa kai, su toya kayan ƙwalam su sayar, su wanke motocin mutane, su tsaya bakin ƙofa suna sayar da tikiti ran wasa, da kuɗin nan ake gyaran kaya da ɗinka riguna da biyan mota.

Matalauta ma sun yi. A Kinshasa ta ƙasar Kwango, wani matuƙin jirgin sama da ya rasa aikinsa, Armand Diangienda, ya kafa irin wannan ƙungiya a 1994. Gogen da suke da shi bai ishe su ba, sai karɓa-karɓa suke yi, in tsirkiya ta tsinke su sa wayar birkin keke, har daga baya suka koyi sassaƙa kayansu da kansu. A ƙasar Benezuwela kuma wani malami, José Antonio Abreu, ya fara da matasa 11 a wurin ajiye motoci a 1975, abin ya bunƙasa har yara dubu ɗaruruwa suka shiga. Duk waɗannan da ɗan abin da ke hannu suka fara.

Yadda Muka Taru

Bayan abin da ya same mu a Illela, na nemi iznin hedimasta na shiga gida gida ina gaida iyaye. Dama makarantarmu tana da ƙungiyar iyaye mata, irin waɗanda aka ƙarfafa kafawa a zamanin shirin ilmin 'ya'ya mata da gwamnati ta gudanar tare da UNICEF a Sakkwato da waɗansu jihohin Arewa daga 2012 zuwa 2022. Sai dai tamu ta daɗe ba ta zauna ba. Kowace ta nemi iznin maigidanta, muka haɗu ran wata Juma'a da la'asar a gidan wata dattijuwa, na sa aka ɗauko gangunan nan aka ajiye tsakar gida kowa ta gani da idonta.

Ba mu kai ga tsai da shawara ba sai ga saƙo daga wani mai hali, wanda ake raɗe-raɗin yana shirin tsayawa zaɓe. Ya ce zai sayo mana kaya cikakku daga Sakkwato, har da riguna da huluna. Abu biyu kaɗai yake so, a manna hotonsa jikin babbar ganga, kuma duk ran da yake da taro yara su fito su tarye shi. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina zuciyata ta kwanta da maganar, domin ina hangen abin da za mu shekara muna tarawa ga shi a yini ɗaya. Mata da yawa ma har sun fara guɗa.

Sai dattijuwar nan mai gida, wadda duk muke kira Inna, ta ɗaga hannu. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, kowa yac ci ladan kuturu shi ka yi mai aski. Ran da yag gitta da taronai ana tsakar karatu, ke ka hana shi ɗiyan? In an yi jifa wurin taro, kan ɗan wa za a fasa? Mu ad da ɗiyan ga, mu ka saye musu ganga." Wuri ya yi tsit. Na sunkuyar da kai, don na san ita ce mai gaskiya, ni mai takardar shaida ban hango abin da ta hango ba.

Aka mayar wa mutumin nan da amsa cikin ladabi, cewa muna godiya, in yana da niyyar taimako ga kwano nan kowa yana sakawa, amma ba hoto ba sharaɗi. Ya aiko da abin da ya sauwaƙa, aka rubuta a littafi kamar na kowa, aka sa masa albarka.

Hanyoyin Tara Kuɗi

Hanya ta fari ita ce zubi, irin na adashin da kuka sani, sai dai wannan ba mai kwasa, ganga ce take kwasa. Ga lissafi mai sauƙi. A ce ku mata 40 ne, kowace tana zuba naira 200 ran Juma'a. A mako kun sami naira 8,000. A mako 12, watau kamar zangon karatu ɗaya, kun sami naira 96,000. In kuka jure zango uku, naira 288,000 ke nan. Ku yanka abin da mafi ƙarancin hali a cikinku za ta iya, domin ƙaramin zubi mai ɗorewa ya fi babba wanda za a watse a wata na biyu.

Ta biyu, hatsi. Wadda ba ta da tsabar kuɗi, da kaka ta kawo mudun gero ko na wake. A tara a wurin amintacciya, a ajiye har gab da damina sa'ad da hatsi yake tsada, sa'an nan a sayar. Wake a zuba shi cikin jarka busasshiya a cika ta a rufe ruf, don kada ƙwari su ɓata shi.

Ta uku, kiwo. Mun sayi 'yar jar akuya muka ba wata daga cikinmu riƙo, kowa tana aika mata da dusa da harawa. Jar akuyar Sakkwato takan haifi biyu, ga shi fatarta ta yi suna tun zamanin da ayari yake ƙetara hamada da ita, har Turawa suna kiranta fatar Maroko. Abin da muke da shi a gida ke nan muna rena shi.

Ta huɗu, sana'ar hannu. Ran da aka sa, masu ƙuli-ƙuli da masu daddawa da masu saƙar faifai kowace ta ware ribar yini ɗaya. Abin da ba a sayar cikin gida ba, tsofaffi biyu suke kai shi kasuwar Illela ran Lahadi. Amma kada ku dogara ga kasuwa kaɗai. Kun dai ga yadda ciniki ya mutu sa'ad da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris 2024. Mai hanya huɗu, in ɗaya ta toshe tana da uku.

Ta biyar, ranar wasa. Ƙarshen zango yara su yi wasa a filin makaranta tsakanin la'asar da magariba, iyaye su zo kallo, maza gefe mata gefe. Mai son yin kyauta ya saka cikin kwano a gaban jama'a. Ba a liƙa wa yaro kuɗi a goshi, domin ba roƙo muke koya masa ba.

Kada kuma ku manta taimako ba kuɗi kaɗai ba ne. Wani mahauci ya ba mu fatar akuya biyu. Mai kalangun garinmu shi ya jeme su ya ɗaure mana ƙananan gangunan, bai karɓi ko kwabo ba. Wani tsohon ɗan sanda da ya yi aikin badujala kafin ya yi ritaya, shi yake zuwa sau biyu a mako yana koya wa yara, goro kaɗai muke aika masa da kuɗin mashin. Ku duba garinku da kyau, da wuya ku rasa irin waɗannan mutane, sai dai ba a taɓa tambayarsu ba.

Kuɗin Jama'a Sai Da Lissafi

Nan ne inda ƙungiyoyin mata da yawa suke mutuwa, mu ma saura kaɗan. A watan fari ba mu rubuta komai ba, mun dogara ga amana da tunani. Da aka zo ƙirga sai kuɗi suka kasa abin da ake zato. Wata ta rantse ta ba da nata, mai karɓa ta rantse ba ta gani ba, maƙwabta biyu da suka shekara goma suna cin abinci kwano ɗaya suka daina gaisawa. Har yau ban yarda akwai wadda ta ci ko sisi ba, mantuwa ce kurum. Sai da Inna ta sa baki kana aka shirya. Daga ran nan muka kafa dokoki, ga su ku ma ku duba.

A zaɓi mata uku, shugaba da ma'aji da mai rubutu, kada su fito daga gida ɗaya. Akwati ya zama da kwaɗo biyu, akwatin yana wajen ma'aji, makulli ɗaya wajen shugaba ɗaya wajen mai rubutu, ba a buɗewa sai gaban taro. Kowane zubi a rubuta shi nan take a gaban mai shi, da sunanta da ranar. Kowace Juma'a a karanta da ƙarfi abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, don wadda ba ta iya karatu ba ta ji da kunnenta.

Mu da muke bakin iyaka muna da ƙarin doka ɗaya. Wata da naira za ta zo, wata da sefa, musamman masu 'yan'uwa a Konni. Kowanne a ba shi shafinsa dabam, kada a gauraya, domin canji yana hawa yana sauka. Ran da aka canza a rubuta nawa aka bayar nawa aka karɓo.

Kada a bar kuɗi su daɗe cikin akwati. Kun tuna wahalar da aka sha farkon 2023 sa'ad da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, mata suna fasa asusu suna neman inda za su kai tsofaffin kuɗi. Ga kuma tsadar kaya kullum gaba take yi. Da zarar kuɗi sun isa sayen abu ɗaya, a saye shi. In za a tafi Sakkwato sayayya, mutum biyu su tafi, su taya a shago fiye da ɗaya, su komo da rasit. Kayan da aka saya a rubuta su a littafi, a sa musu lamba, a kuma rubuta cewa na ƙungiyar iyaye ne da aka ba makaranta riƙo.

Doka ta ƙarshe ita ce ta fi duka nauyi a wurina. Ba a ɗora wa 'yar makaranta talla don neman kuɗin ganga. Uwar da za ta tura ɗiyarta tasha cikin direbobin manyan motoci domin ta samo na zubi, mun yafe mata zubin, ta kawo dusar akuya. Saboda yarinya ta zauna a aji muka fara wannan aiki, in muka fitar da ita don mu sayi ganga, mun yi asarar abin da muka fito nema.

Masu Cewa Kiɗa Ba Na Ɗan Mutunci Ba Ne

Waɗansu iyaye, maza da mata, sun ce mini su ba su gaji kiɗa ba, ɗansu ba zai zama maroƙi ba. Waɗansu kuma tsoronsu kada kiɗa ya ɗauke wa yaro hankali daga karatun allo da na boko. Wannan magana ba abin renawa ba ce, kuma ba mu tilasta wa kowa ba. Wanda ubansa bai yarda ba, ba a sa shi.

Abin da muka yi shi ne muka zauna da malaman garin da iyaye maza muka shata iyaka. Ba a koyo da dare, ba a koyo lokacin makarantar allo ko Islamiyya, in an kira salla a ajiye sanda. Yaranmu ba su zuwa gidan biki, ba su zuwa taron siyasa, ba su yi wa kowa kirari don ya ba su kuɗi. Wurin kiɗansu shi ne taron safe na makaranta, da Ranar Yara, da 1 ga Oktoba, da ranar wasa. Yaron da ya yi fashin makaranta ko ya faɗi jarrabawa, a karɓe sandarsa sai ya gyara. Waɗannan sharuɗɗa mun iya kafa su ne don kuɗinmu ne a ciki. Da wani ne ya saya, da sai abin da ya ce.

Ni da nake tsaye gaban aji kullum, ga abin da na gani da idona. Tun da aka fara buga ganga a taron safe, masu makara sun ragu, don ba mai son a fara ba shi. Yara uku da aka san su da gudu zuwa bakin iyaka neman dako, yanzu su ne suke riga kowa zuwa, domin su ne masu ƙananan ganguna. Kuma yaron da ya koyi sauraron na kusa da shi, ya jira lokacinsa kafin ya buga, ya koyi wani abu da zai yi masa amfani har girmansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gare Ku 'Yan Makaranta

Ku ma da aikinku. In uwarki ba ta iya karatu ba, ki karanta mata wannan shafi. In tana cikin kulle, ke za ki kai mata zubinta, ki tsaya a rubuta a gabanki, ki komo ki faɗa mata abin da aka karanta a taro. Wadda ta iya lissafi ta zauna kusa da mai rubutu tana taya ta, nan ne za ki ga amfanin tarawa da ɗebewar da muke koya muku. In an ba ki ganga ko sarewa, ki riƙe ta da kyau, kada ki bar ta a rana ko inda ruwa zai taɓa ta, ki tuna ribar ƙuli-ƙulin uwarki ce a hannunki. Waƙoƙin gaɗa da shantu da kakanninku suka iya kuma, ku roƙe su su koya muku, a sa su cikin ranar wasa, tun ba su tafi da su ba.

Inda Muka Kai

Kada ku zaci mun gama. A cikin shekara ɗaya abin da muka iya shi ne gyaran gangunan nan uku, da sayen begila ɗaya sabuwa da sarewa shida. Riguna har yanzu ba mu ɗinka ba, akuya kuwa ta haihu, muna jiran 'ya'yan su tasa. Da Ranar Yara ta zagayo muka koma Illela da kayan makaranta wankakku. Ba mu ci kyauta ba, amma yaranmu sun wuce da kiɗan kansu, ƙafa ɗaya, ba wanda ya yi dariya. Yarinyar nan da ta ce ba ta sake zuwa, uwarta tana cikin masu zubi, ta sauke mata tallan safe. Ita ce take karanta mana lissafi ran Juma'a, bana kuma take shirin jarrabawar shiga sakandare.

Saboda haka, 'yar'uwa, ki nemi izni ki leƙa makarantar da ɗanki ko ɗiyarki take, ki ce a nuna miki ɗakin ajiya. In kin iske ganga a fashe, ki kira maƙwabtanki biyar ku fara, sauran za su biyo in sun ga littafi a buɗe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wadda ta gwada a garinsu, ina roƙo ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda suka yi da inda suka sami cikas, domin mu ƙaru da juna.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka cikin abin da muke nema, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Malamar makaranta, Darna Sabon Gari, Illela.